Jar Shirwa a Kullen Amarya

Jama'a, salamu alaikum. Sarkowi ne, mai igiya, na Depok da ke gefen Jakarta. Masu aiko min saƙo suna tambaya ko mutuwa na yi da aka ji ni shiru, to ban mutu ba. Mutumin da ya faɗo daga kan jirgin ƙasa yana gudu, aka cinna masa wuta a gadon baya ba sau ɗaya ba, doki ya ja shi a ƙasa daga bakin kasuwa har gada, ba hidimar biki ce za ta kashe shi ba. Ko da yake yau ta kusa.

Ga wanda bai san ni ba: ban yi makaranta ba, magana nake yi waya tana rubutawa, in kun ga kuskure nata ne. Shekara arba'in da ɗoriya ina faɗuwa a madadin 'yan fim masu kyan fuska. Ba ƙashin da ban karya ba sai na wuya. Yanzu da gwiwa ta ƙi, ni nake ɗaura wa masu faɗuwa igiya, kuma kaf Jakarta ba wanda ya taɓa jin ƙullin Sarkowi ya kwance. 'Ya ɗaya Allah ya ba ni, Kinanti. Uwarta ta rasu tun tana firamare. In kun kalli fim ɗin Jar Shirwa na ɗaya da na biyu, fuskar da kuke gani in an cire abin rufe fuska ta wata ce, amma duk tsallen da ya sa kuka damƙe kujerar sinima, 'yata ce a cikin rigar. Ni na koya mata tun tana dira daga kan durowa zuwa katifa.

Gobe Alhamis da safe ne ɗaurin aurenta. Ko in ce, har zuwa azahar ɗin yau gobe ne.

Yaron sunansa Baskoro. A kamfaninmu shi ne mai tsara ranaku: wa zai zo yaushe, wane gini za a hau, wace mota za a ƙona. Yana da wani allo a ofis cike da 'yan takardu masu launi, in ya matsar da guda ɗaya mutum ɗari su canza barci. Siriri ne, mai tabarau, ban taɓa ganin ya tsallake ko kwata ba. Amma yana da ladabi, kuma ranar da ya zo neman Kinanti ya zauna a ƙasa kan tabarma duk da na nuna masa kujera, ya shanye kofina mai ɗaci bai yamutsa fuska ba. Na ce wannan zai yi.

Matsalar uwarsa ce, Bu Hartinah (Bu muke ce wa babbar mace), mutuniyar garin Solo, tsohuwar shugabar makaranta. Irin matan nan ne da in suna magana sai ka matso kafin ka ji, in ka ji kuma ka so da ba ka matso ba. Ba ta so auren ba. Ta ce ɗanta bai rasa 'yan mata ba da zai ɗauko wadda ake jefowa daga saman bene. Baskoro ya dage shekara guda, ya rame, har ta sauko. Ta yarda Kinanti ta ci gaba da aikinta bayan aure, amma ta kafa sharaɗi biyu. Ranar aure ita za ta sa, kuma ta sa: ta kai ranakun haihuwar yaran wurin wani dattijo a garinsu, ya lissafa, ya ce Alhamis ɗin nan ta watan Rajab, in ta wuce kuma babu wata mai kyau gare su sai baɗi. Na biyu, kullen amarya cikakke irin na gidansu. Sati guda yarinya ba fita ko ƙofar gida, ba ganin ango, sai shan tsimi da goge jiki da kurkum.

Da ta faɗi haka a falona, ta dubi bangon da na jera hotunana ina cin wuta, ta ƙara da cewa ta san gidan da babu uwa abin zai yi wuya.

Wannan magana ta soke ni. Na dafa ƙirji a gaban mutanenta na ce, "Bu, maganar Sarkowi kamar ƙullinsa take. Yarinyar nan ba za ta leƙa ko taga ba."

Ta yi murmushi ta ce ta gode, kuma don a sauƙaƙa min za ta aiko yayarta, Bude Parmi, ta zauna da mu satin. Wato mai gadi.

Lokacin da na yi rantsuwar nan ba abin da nake tsoro, domin na ga allon da idona. Kamfaninmu yana da jaruman labari biyu, kowanne da fim ɗinsa, Jar Shirwa da Baƙin Ɓauna. An tsara Baƙin Ɓauna ya fita da Ƙaramar Sallah, lokacin da kowa ke da hutu sinima ke cika, Jar Shirwa na uku kuma sai ƙarshen shekara. Babban tsallen Kinanti, wanda za a rufe fim ɗin da shi, an ajiye shi can bayan Sallah. Baskoro da kansa ya share mata watan Rajab fes.

Sai ga shi ɗan wasan da ke Baƙin Ɓauna, ƙato guda mai cin ƙwai goma da safe, ya je buga ƙwallo da abokai ya yage gwiwa. Ba a wurin aiki ba, a filin haya. Ni da na faɗo daga jirgi na koma aiki da sanda, shi likita ya ce wata shida.

Masu kamfani suka kulle kansu a ɗaki. Ba za su bar Sallah ta wuce ba fim ba, don wani kamfanin yana jira da nasa na aljanu ya cinye sinimomin. Suka fito suka ce a juya: Jar Shirwa ta fita da Sallah, Ɓauna ya jira. Kuma tunda labarin Shirwa a da yana biye da na Ɓauna ne, sai an sake ƙarshen, an ƙara wa tsallen tsawo, an ɗauka yanzu-yanzu, don masu kwamfuta su samu lokacin goge igiya daga hoton kafin azumi ya ƙare.

Baskoro ya kira ni shagon kofi da ke bayan ma'aikata. Na same shi bai taɓa kofinsa ba, idonsa ja. Ya ce ya juya takardun nan ta kowace fuska. Masu ginin ba sa ba da shi sai Lahadi, ranar da ofisoshi ba kowa. Lahadin da ta gabata, mai fuskar Shirwa tana Kuala Lumpur tana tallar sabulu, kuma dole ta tsaya a saman ginin a ɗauki fuskarta kafin tsallen. Lahadi mai zuwa bayan biki, masu kwamfuta sun rantse ba za su gama ba. Saura guda ɗaya, wadda ta faɗo tsakiyar kulle.

Na tambaye shi wa ya manna takardar a kan wannan rana.

"Ni ne, Pak," ya ce, wato baba a bakinmu. "Da hannuna."

Ya ce ya je wurin Ci Meilan, furodusarmu, ya roƙe ta. Matar nan ba muguwa ba ce, agogo ne kawai a ƙirjinta. Ta ce tana taya su murna, ta ma sayi kyautar biki, amma akwai wata yarinya daga Bandung da ke jira, tsawonsu ɗaya da Kinanti. Sai dai a sani, duk wadda ta yi wannan tsalle ita za ta riƙe rigar a finafinai masu zuwa. Kuma a babban fim ɗin da za a haɗa jaruman biyu, an rubuta cewa Shirwa za ta miƙa rigar ga wata sabuwa, wadda za a ga fuskarta, kuma mai tsallen ce za a ba.

Jama'a, shekara arba'in ina fim, uwata ta rasu ba ta taɓa ganin fuskata a sinima ba. Ƙeyata ta sani.

Baskoro ya ce zai kira uwarsa ya faɗa mata gaskiya, ko me zai faru ya faru. Na ce kul. Na ce yaro, kai ka san takarda, ni na san mutane. Matar da ta jira shekara guda tana neman dalili, kai za ka kai mata shi a faranti? Ka bar wa Sarkowi.

Na koma gida na tarar an riga an fara kullen. Bude Parmi ta iso da jakunkuna biyu da tukunyar tsimi, gajeruwa mai jiki, tana tafe tana nishi. Ta shimfiɗa katifarta a bakin ƙofar ɗakin Kinanti. Gidan duk warin kurkum da citta. 'Yata, wadda ban taɓa gani ba wando ba tun tana shekara goma, tana zaune cikin zanen batik ruwan ƙasa da 'yar riga mai ɗinkin fure, hannuwanta rawaya, gashi a sake, kamar ba ita ba. Sai da Bude ta shiga wanka na samu na raɗa mata.

Ashe ta sani. Mas Baskoro, kamar yadda take kiran sa, ya aiko mata saƙo tun safe, ta nuna min, ta karanta min: "Dik, ƙanwata, ƙa'idar aikina ta sa na sa ranar. Duk abin da kika zaɓa ina bayanki. In kin zauna, ba abin da ya ragu a wurina." Ita kuma ba ta ba shi amsa ba.

Na ce mata ni ban ce ta je ba, ban ce kar ta je ba. Ƙarya nake, idona ya riga ya faɗa.

Ta daɗe tana murza zoben baikonta. Sannan ta ce, "Pak, ina son Mas Baskoro. Amma haƙarƙarina biyu na karya a cikin rigar nan. Ba wadda za ta zo daga Bandung ta sa ta."

Na ce to, Nduk, 'yata, shi ke nan.

Dabarar mai sauƙi ce, irin wadda sai wanda ya daɗe a duniya yake gani. Duk Lahadi da safe matan unguwarmu suna wa'azi a masallaci, daga nan su zarce cin abinci gidan mai unguwa har azahar. Na je wurin matar mai unguwa na ce baƙuwarmu daga Solo tana jin kaɗaici, kuma an ce ba wanda ya kai ta iya karatun yabo. Ranar Lahadi suka zo su huɗu suka ɗauke Bude Parmi kamar sarauniya. Tana fita tana waiwaye, ta ce in kula da ƙofa. Na ce ai ni ne ƙofar.

Kinanti ta fito ta baya cikin rigar ruwa da hular kwano, na goya ta a babur, muka bi lunguna. Mai sayar da alayyafo ya gaishe ni, ya tambayi lafiyar amarya. Na ce tana ɗaki tana barci. Na ji ta tsunkule ni a ciki.

Ginin hawa goma sha ɗaya ne. Da muka isa sama, hadari ya haɗo daga kudu baƙi ƙirin. Mai tsare ruwan sama da kamfani ya ɗauko yana can gefe ya kafa tsinkensa na barkono da albasa, yana ta busa hayaƙi sama, yana cewa ya riƙe mana shi amma mu yi sauri. Mai fuskar Shirwa ta tsaya nesa da baki, an ɗauki fuskarta iska na kaɗa gashinta, ta gama ta sauka ta shiga mota. Sannan aka kira 'yata.

Abin da ya ba ni tausayi Baskoro ne. A ranar aiki shi ne mai ba da umarni ta oba-oba, rediyon hannu, wurinsa kusa da darakta yake, ido a sama. Ranar nan ya ɗauki kujerarsa ya kai bayan motar janareta, ya zauna ya juya wa ginin baya. Ma'aikata suka yi ta tsokanarsa, wani ya ce ango ka juyo mana, ai fuskarta a rufe take, ba a ƙirga wannan. Bai juyo ba. Ya ce ya yi wa uwarsa alkawarin ba zai ga amarya ba, wannan ɗaya dai zai cika.

Na ɗaura mata ɗamarar da kaina. Maɗauri biyu ta kan kafaɗa su gicciye a baya, biyu ta cinya. Na ja, na sake ja, har ta ce Pak numfashi. Na ce numfashi yana ƙasa yana jiran ki. Aka ɗora jar rigar a kai, da fukafukan, da abin rufe fuska. Na duba ƙarfen, na duba igiyar taku-taku da yatsuna. Ban yarda da idon kowa ba.

Muryar Baskoro ta fito a oba-oba. Ya tambaya ko mai tsalle ta shirya. Bai kira sunanta ba. Ta ɗaga babban yatsa, na ce ta shirya. Ya ƙirga.

Ta tafi.

Na ga mutane da yawa suna faɗowa a rayuwata, yawancinsu kamar buhun shinkafa. Kinanti ba faɗowa take ba. Ta buɗe hannu, ta miƙe ƙafa, kai ka ce iskar ce ta gayyace ta. Amma dab da inda igiya za ta kama, guguwar da ke gaban ruwan ta bugo ta gefe, ta juya ta, igiyar ta fizge ta da ƙarfin da na ji a tafin hannuna har cikin haƙorina. Ta yi lilo ta kusa bugun gilashi, ta sa ƙafa ta ture. Aka sauke ta ƙasa, ta tsaya da ƙafarta.

Darakta ya kalli allon kyamara ya ce ya yi kyau, amma fuffuke ɗaya ya naɗe. A sake.

Kowa na jiran Baskoro ya ce a koma wuri. Sai na ji ya ce, a hankali, a tambayi mai tsalle. Aka tambaye ta. Ta riga ta nufi lif.

Na biyun ko ni sai da na cire hula. Darakta ya rungume mai kyamara, Ci Meilan ta aiko saƙon murya tana cewa rigar ta Kinanti ce har ta gaji. Muna naɗe igiya ruwa ya ɓarke. Muka iso gida a jiƙe, ta shige ta baya, ta ɗaura zanenta, ta kwanta. Da Bude ta dawo da ƙunshin abinci ta same ta tana barci, ni kuma ina bakin ƙofa ina gyaran kejin tsuntsu.

Na ce a raina, Sarkowi, kai dai ba a yi kamarka ba.

Abin da ban yi tunani ba, kuma Kinanti ba ta yi ba, shi ne abin da ba ma ƙirgawa. Mu a sana'armu in ƙashi bai fito ba, ba a ji ciwo ba. Sawun ɗamara kuwa gaisuwar igiya muke ce masa, kowa yana da shi, ba mai kallo. Ko a raina ban kawo ba.

Washegari da hantsi Bude Parmi ta fito daga ɗakin, hannunta duk kurkum, ta ja ni kicin ta rufe ƙofa. Ta tambaye ni ko na ga bayan 'yata. Na ce me ya samu bayan. Ta ce layi biyu ne baƙaƙe sun taso daga kafaɗa sun gicciye, faɗinsu kamar tafin hannu, kuma jibi wankan amarya, zane a ƙirji, kafaɗa a waje, gaban mata hamsin.

Na fara haɗa wata ƙarya, ta ɗaga min hannu.

"Pak Sarkowi, ni ba yarinya ba ce. Takalminta a jiƙe na same shi a bayan gida." Ta leƙa ƙofa, ta rage murya. "Ta dira lafiya?"

Ashe matar nan ta kalli Jar Shirwa na ɗaya da na biyu, kowanne har sau uku, a ɓoye, ba da sanin ƙanwarta ba.

Daga nan muka zama mu uku. Bude ta yi ta dama kurkum da garin shinkafa mai kauri tana shafewa. Ta aike ni wurin masu saƙa furen yasmin na ce a ƙara wa mayafin wanka faɗi, ya rufe har tsakiyar baya. Mai saƙar ta ce ba a yin sa haka, na ce 'yar Sarkowi ce, komai nata ya fi na mutane. Amma sawun maimakon ya dushe sai ƙara fitowa yake, daga baƙi ya koma shuɗi da kore a gefe.

Yau Laraba aka kafa rumfa ta toshe layinmu. An rataya ganyen kwakwa da nonon ayaba a ƙofa. Na sa rigata baƙa ta gargajiya da hula da zane, wuƙar ado a baya, tsofaffin abokan faɗuwata suka cika kujerun baya, masu ɗingishi da masu haƙoran roba, suna cewa ban taɓa kama da mutum ba sai yau. Bu Hartinah ta iso daga masauki cikin riga koriya mai ruwan kwalba, gashi a naɗe ba ko sili ɗaya a waje, ta riƙo tulun ruwan rijiyar gidansu da ta taho da shi tun daga Solo. Ta ce ita za ta yi zubi na ƙarshe da hannunta. Baskoro an bar shi a masauki, kamar yadda aka saba.

Aka fito da Kinanti. Zane ja da fari a ƙirji, mayafin fure har baya, kanta a sunkuye. Ta durƙusa a gabana ta nemi gafara, na dafa kanta. Ta zauna a kujerar wanka kusa da randar da furanni ke yawo a kai. Ni na fara zubawa, kuma na zuba kaɗan, a tsakiyar ka, kamar mai tsoron ruwa ya ƙare. Amma tsofaffin da suka biyo baya ba su san komai ba. Kowacce ta cika ludayin kwakwa ta kwarara, ka, kafaɗar dama, kafaɗar hagu. Ina kallon ruwa rawaya yana gangarowa yana taruwa a ƙafarta. Mayafin ya jiƙe ya yi nauyi, ya fara zamewa ta baya. Bude tana gefe tana gyarawa, tana gyarawa.

Sai Bu Hartinah ta matso. Ta juye ruwan Solo a randa, ta cika ludayi, ta ɗaga. Ta tsaya. Da ɗayan hannun ta ɗan ɗage furen daga kafaɗar dama, kamar mai duba ƙura a kan tebur. Ta ɗage na hagu.

Masu kiɗa ba su gani ba, suka ci gaba. Matan gaba sun gani.

"Wa ya daki yarinyar nan?" ta ce, kuma ni take kallo.

Bude ta yi wuf ta ce santsi ne ya kwashe ta a banɗaki shekaranjiya, ta faɗa kan bokiti, ita ma tana wurin, abin ba daɗi. Wallahi ƙaryar ta zauna daidai. Na ga kafaɗun Bu Hartinah sun sauko. Da na yi shiru na minti ɗaya, da yanzu wani labarin nake ba ku.

Ta sake rufe furen a hankali. Ta yi wannan murmushin nata. Ta ce, da muryar da sai an matso, amma rumfar ta yi tsit har na baya suka ji:

"Ai na ɗauka an ce min sana'arta tsalle. Ashe ko tsayuwa a banɗaki ba a koya mata ba. Ba laifinki ba ne, Nduk. Na wanda ya koyar ne."

Wasu mata suka rufe baki. Daga kujerun baya na ji dariyar abokaina, ɗaya har da buga sanda a ƙasa.

Jama'a, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai bakina yana cewa 'yar Sarkowi ba ta taɓa zamewa ba tun da ta fara tafiya. Na ce wannan sawun igiyata ne, ni na ɗaura ta da hannuna. Na ce hawa goma sha ɗaya ta diro ranar Lahadi, cikin guguwa, ba sau ɗaya ba, sau biyu, ta tsaya da ƙafarta, kuma a nemo min wata a Solo ko a Jakarta da za ta yi rabinsa. Na ce da Sallah kowa zai gani.

Sai da na kai ƙarshe na ji kiɗan ya tsaya. Bude Parmi ta zauna a ƙasa. Kinanti ba ta ɗago ba, ruwa na ɗiga daga haɓarta.

Bu Hartinah ba ta ɗaga murya ba. Ludayin yana hannunta cike. Ta tambaya, ba ni ba, Kinanti ta tambaya, wa ya sa wannan rana ta Lahadi.



"Na san aikin ɗana," ta ce. "Ina so in ji ne kawai."

"Ni na zaɓi in je, Bu," in ji Kinanti. "Ba wanda ya sa ni."

"Ba abin da na tambaya ke nan ba."

Ta jira. Ba wanda ya amsa, kuma shirun ya ishe ta amsa. Ta sunkuya ta mayar da ruwan cikin randa, a hankali, ko fantsama bai yi ba. Ta ajiye ludayin. Ta ce ashe ranaku biyu aka sa a wannan aure, ita ta sa ɗaya, ɗanta ya sa ɗaya, kuma ta ga wadda aka girmama. Ta yi wa jama'a sallama ɗaya bayan ɗaya, da ladabi, har da masu kiɗa, ta fita. Mutanenta suka bi ta. Bude ta tsaya tana kallon ƙofa tana kallon Kinanti, sannan ta ɗauko tawul ta lulluɓe ta, ta shigar da ita ɗaki.

Yanzu la'asar ta wuce. Masu girki sun aiko suna tambaya ko su ci gaba da yanka kajin gobe, ban ba su amsa ba. Kinanti ta kulle ƙofa. Na ƙwanƙwasa na ce Nduk, ta ce, "Ba yanzu ba, Pak." Ban taɓa jin ta da wannan murya ba, ko ranar da ta karya haƙarƙari. Na zauna a ƙarƙashin rumfa cikin kujeru ba kowa, da wuƙar ado a bayana tana tokare ni. Abin da na faɗa gaskiya ne, ko gaban alƙali zan maimaita. Amma auren ba nawa ba ne da zan saya wa kaina suna da shi.

Ina cikin ba ku labarin nan saƙon murya ya shigo daga Baskoro. Na saurara har sau uku. Ya ce uwarsa ta sayi tikitin jirgin Solo na bayan magariba, guda biyu, nata da nasa, ta ce in bai hau ba kada ya ƙara kiranta uwa. Ya ce yana bakin layinmu, wajen mai gyaran taya.

"Al'ada ta ce kada in ga Kinanti sai gobe, Pak. Amma dole in gan ta yanzu. Kai ne mai gida. In shigo?"

Na leƙa. Yana can tsaye cikin yayyafi, ba lema, tabarau duk ruwa, da jakar tafiya a kafaɗa. Ban sani ba ko ta jirgi ce, ko ta wanda ya baro uwarsa ya taho. Na kalli fuskarsa daga nan ban gane ba, ni da nake cewa na san mutane.

Na ɗaga masa hannu ya taho.